Gyaran suna ɗaya ya kai ni ofishin lauya, na fito da sabuwar wasiyya

Shekara 9 ke nan da na rubuta wasiyyata, na cusa ta a ambulan na manta da ita. Rasuwar ƙanena ce ta tuno mini, don shi na naɗa wasiyyi, wato wanda zai tsaya a biya bashi a kuma zartar da abin da na rubuta. Na koma ofishin lauyoyin da suka rubuta mini ta farko, nufina a cire sunansa a sa na babban ɗana, in kama gabana.

Lauyar da aka haɗa ni da ita ba ta ko taɓa biro ba. Karanta mini takardar ta yi layi-layi tana tambaya.

"Alhaji, filin nan da ka ce a bai wa marayan da ka riƙe, yana nan?"

Na ce Barista, ai na sayar da shi shekara 4 da suka wuce.

"To da yau ta Allah ta kasance, yaron nan ba shi da komai. Ka ambaci fili, filin kuma babu."

Jikina ya yi sanyi. Yaron da a hannuna ya tashi, ba magajina ba ne, wasiyyar nan kaɗai ce rabonsa. Bashin da na rubuta ana bi na kuwa tuni na biya, wanda nake bin wani yanzu ba ya ciki. Autata ma ba a haife ta ba a lokacin.

Ta ce akwai 'yar takardar ƙari da ake haɗawa da tsohuwar wasiyya idan gyaran ƙarami ne, amma ita ma sai an sa hannu gaban shaidu, kuma takardu biyu masu karo da juna rigima suke haifarwa. Shawararta a rubuta sabuwa, a buɗe da cewa ta soke duk wadda ta gabace ta. Ta tambaye ni ko na yi aure ko saki a tsakani, domin a wasu ƙasashe, kamar Ingila, sabon aure kan rushe tsohuwar wasiyya. Da ta ji bisa shari'ar Musulunci nake so, ta tsaya a kan sulusi, wato kada wasiyyar ta wuce kashi ɗaya cikin uku na abin da na bari, kuma ba a sa magaji a ciki. Maimakon fili, aka rubuta wa yaron kaso daga sulusin, ko me na bari. Wannan dabarar kaɗai ta isa in yaba mata.

Inda suka ɓata mini rai shi ne jinkiri. Mako 2 aka ce, sai da na yi 5 ina sintiri, daftarin farko kuma an yi kuskure a sunan autar. A takarda irin wannan! Ni na gano, ba su ba. Wanda zai je, ya karanta da idonsa kafin ya sa hannu.

Ranar sa hannu na zo da shaidu biyu waɗanda ba su da ko sisi a ciki, kamar yadda ta gindaya. Tsohuwar na yage ta a gabanta. Saura kwafin da ke cikin takardun marigayi. Har yanzu ina jin nauyin tambayar matarsa.