Ruwan khal, soda ko gawayi: wanne ke fitar da wari daga tsohon kabad?

'Yar'uwa, na ga tambayarki. Kun tare a gidan haya, kabad ɗin kicin da na banɗaki duk suna wari, kin wanke da omo har sau uku, kin yi turaren wuta, bayan kwana biyu warin ya dawo. Wasu sun ce miki ruwan khal, wasu bekin soda, wasu gawayi, kina son sanin wanne ya fi.

Kafin ki kashe ko sisi, ki buɗe kabad ɗin ki sa hanci sosai. Hausa ma ta raba wari gida-gida: ƙarni daban, zarni daban, warin ruma daban, na man da ya tsufa daban. Wanda kika ji shi zai zaɓa miki magani.

Bari in fara da khal da soda, don su aka fi rikitawa. Ruwan khal tsami ne, kusan kashi 5 cikin 100, sauran duk ruwa. Soda kuwa 'yar gidan su kanwa ce, kishiyar tsami. Ƙarnin busasshen kifi, warin daddawa da zarni duk ɓangaren kanwa suke, shi ya sa tsami ke karya su. Dalilin da ya sa iyayenmu ke wanke kifi da lemon tsami ke nan. To idan wadda ta bar gidan a kabad ɗin take ajiye kayan miya, khal za ki nema: rabi khal, rabi ruwa, ki tsoma tsumma ki matse sosai, ki goge har saman ciki da lunguna, ki bar murfin a buɗe. Warinsa zai cika kicin ɗin, kada ki damu, yana bushewa zai tafi. Ki dai kiyaye shi daga dutsen mabul, yana cin ƙyallinsa, kuma ki tsane ƙarafunan murfin don kada su yi tsatsa.

Idan kuwa kin shafa allon kin ji yana danƙo, man gyaɗa ko manja ne ya zuba ya shekara a wurin, khal ba zai yi miki aikin kirki ba. Nan soda ta fi shi nesa ba kusa ba. Ki kwaɓa ta da ɗan ruwa ta yi kauri kamar ƙullu, ki shafa a kan maiƙon, ki ba ta kamar minti 30, ki goge. Ba ki da soda? Ki jiƙa kanwa ki tace ruwan. Ta fi soda ƙarfi kuma tana iya sa katako ya yi duhu, saboda haka ki fara gwadawa a lungun da ba a gani.

Abin da nake yawan gani ana yi shi ne a zuba khal a kan soda, kumfa ta tashi, a ce ai ga shi yana aiki. Kumfar nan kashe juna suke yi, abin da zai rage ruwa ne mai ɗan gishiri. In za ki yi amfani da duka biyun, soda yau, khal gobe.

Gawayi ba ya wanke komai, zuƙa yake yi. Jikinsa cike yake da ƙananan ƙofofi da ke kama wari daga iska, don haka aikinsa yana zuwa ne bayan an wanke an bushe. Na girki bai kai wanda aka sarrafa musamman ƙarfi ba, amma yana da araha, sai ki sa da yawa. Ki farfasa shi ƙanana, ki cika faranti mai faɗi a kowane hawa, ki rufe kabad ɗin kwana uku zuwa mako guda. Tsakaninsa da busasshen garin soda a faranti, ni gawayi nake zaɓa, don ba ya tambayar wane irin wari ne. Turaren wuta kuwa, Allah Ya sani ina son sa, amma lulluɓe warin kawai yake yi, kuma in ƙamshinsa ya haɗu da ruma abin da ke fitowa ya fi na farko tayar da zuciya. Kada ma ki soma rufe kasko da garwashi a cikin katako. Kafur shi ma ki raba shi da kabad ɗin abinci. Farin nan na kanti guba ne in yaro ya haɗiye, kuma yana jawo wa wasu jarirai ciwon shawara mai tsanani.

Bilic, ruwan nan da ake faranta tufafi da shi, yana da wuri ɗaya da babu mai maye gurbinsa: in kin ga kashin ɓera. Ta fitsari da kashin ɓera ake ɗaukar zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganowa a 1969 a garin Lassa na jihar Borno ta yanzu. Kada ki share shi a bushe ƙura ta tashi. Ki haɗa bilic kofi 1 da ruwa kofi 9, ki jiƙa wurin, ki jira minti 5, ki sa safar hannu ki kwashe. Kuma don Allah kada bilic ya haɗu da khal ko lemon tsami. Iskar da ke tashi tana ƙona huhu, a ƙaramin banɗaki mara taga abin na iya kai mutum asibiti. A kan fumfuna kuma bai kai yadda ake zuzuta shi ba, yana faranta saman katako ne kawai, saiwar tana ciki.

Na banɗakin nan, ina zargin ba laifin kabad ɗin ba ne. Ki duba bututun da ke ƙarƙashin wurin wanke hannu. Ya kamata ya lanƙwasa ta yadda ruwa zai riƙa zama a gwiwar, ruwan nan shi ke tare warin sokawe. Gidan da ya yi watanni babu kowa, ruwan ya ƙafe, sakin famfo na minti ɗaya ya wadatar. Wasu masu gyaran famfo kuma miƙe bututun suke yi babu gwiwa, wannan sai an sake shi. Ki naɗe mahaɗar bututun da tishu ki bar shi ya kwana. In kin tashi kin same shi a jiƙe, akwai yoyo, kuma ko buhun gawayi kika zuba aikin banza ne.

Daga nan ki danna allon ƙasan da farce. Katako na gaske ko filawud yana jure wanki. In ya bushe a goge shi da sanfefa, a shafa fenti ko banish, ragowar warin ya toshe a ciki. MDF kuwa garin katako ne da aka matse da gam. In ya sha ruwa ya kumbura kamar burodin da aka tsoma a shayi, babu khal ko sodar da za ta cece shi. Ki ɗauki hotonsa ki tura wa mai gidan, kafinta ya cire allon ya sa sabo. Durowoyi kuma ki zare su ki kai rana. Da hunturu yini ɗaya ya isa, a Agusta sai kin haɗa da fanka kwana uku.

Ni ma na taɓa shan wannan wahalar a gidan da muka fara zama. Mako biyu ina canza gawayi, ina zagin wadda ta tashi daga gidan a zuciyata. Ranar da kafinta ya ɓalle siririn allon da ke rufe ƙafar kabad ɗin, sai ga mushen ɓera a bayansa, ya bushe ƙamas. In naki ma yana da irin wannan allon, ki sa a buɗe shi tun ranar farko.