Wata takwas da Walkman NW-A306 a aljihuna: abin da kunnena ya ji

Wani ɗan siririn sauti ne ya kore ni daga tsohuwar na'urata ta sauraron waƙa. Na yi shekara biyu da ita, ba sai na ambaci sunanta ba. Duk daren da na cusa iyafis a kunne, tun kafin kiɗa ya fara sai in ji "sssss" can ƙasa-ƙasa, kamar iska na tsiyaya daga tayar keke. Da rana hayaniya tana rufe shi. Da dare kuwa, in mai busa sarewa ya tsaya jan numfashi, sai wannan tsiyayar ta cike gurbin da ya kamata ya zama shiru. Ni kuwa shirun nan yana cikin abin da nake zuwa nema a waƙa.

Shi ya sa da na ɗauko NW-A306 ta kamfanin Sony, wadda ta fito a 2023, ban fara da kunna waƙa ba. Na jona iyafis, na ɗaga murya sama, na zauna ina sauraron babu. Ban ji komai ba. Sai na kunna wata waƙa ta jita da murya ɗaya da na yi shekaru ina ji, kuma a ranar na fara jin ƙarar yatsan makaɗin yana zamewa a kan tsirkiya yayin da yake canza wuri, da buɗewar leɓen mawaƙiyar kafin kalmar farko ta fito. Abubuwan nan dama suna cikin fayil ɗin tun fil azal, ƙazantar tsohuwar na'ura ce ta binne su.

Ita na'urar ƙarama ce, nauyinta giram 113, fuskarta inci 3.6, tana ɓacewa a tafin hannu. Maɓallan tsayarwa da tsallakewa da ƙara murya suna gefe, ana lalubo su daga cikin aljihu ba sai an duba ba. Sunan Walkman ya tsufa, tun 1979 da aka fitar da ta farko mai cin kaset a Japan. Mutane da yawa sun ɗauka zamanin irin waɗannan na'urori ya wuce, musamman da Apple ya daina ƙera iPod a 2022. Amma tun da iPhone 7 ta fito a 2016 babu ramin iyafis, wayoyi da yawa kuma suka bi sahu, masu son sauraro da iyafis a jone suka fara waiwayo su.

Akwai abubuwa biyu a cikin kowace irin na'urar nan da ke yanke hukuncin abin da zai iso kunnenka. Na farko guntun da ke mayar da lambobin fayil su zama sauti, wanda ake kira DAC. Na biyu amfilifaya mai tura sautin zuwa iyafis. Masu talla sun fi son maganar na farkon, ka ji ana ta ambaton kamfanonin da ke ƙera shi, irin su ESS da AKM da Cirrus Logic, kamar sunan guntu kaɗai ya isa. A nawa ganin, a yau kusan duk guntun kirki ya riga ya wuce iyakar abin da kunne ke iya tantancewa. Inda ake rabuwa shi ne amfilifaya: yawan hayaniyar da take yi ita kanta, ƙarfin da take iya bayarwa, da turjiyar lantarki da ke bakin fitarta, wadda ake aunawa da om. Ma'abota harkar suna da wata ƙa'ida da suke bi, cewa turjiyar na'ura kada ta wuce kashi ɗaya cikin takwas na turjiyar abin da aka jona mata. Iyafis ɗina om 16 ne, don haka yana son na'urar da ba ta wuce om 2 ba. In aka saɓa, musamman da iyafis mai lasifika da yawa a ciki, launin sautin yakan karkace. Da tsohuwar na'urata dukan ganga yakan kumbura ya yi laushi kamar an buga matashin kai. A kan wannan, gangar tana sauka ta tsaya inda ta sauka.

Yadda nake jin muryarta gaba ɗaya: mai taushi ce, ba ta da kaifin da ke gajiyar da kunne. Nakan yi awa uku a jere ban ji kunnena ya yi nauyi ba. Muryar mutum tana fitowa gaba kaɗan, da jiki, kayan kiɗa kuma kowanne da mazauninsa, jita a hagu, piyano can baya a dama. Tana da kayan gyaran sauti birjik, har da DSEE da aka ce yana cike abin da matsa fayil ya zubar, da wani mai kwaikwayon faifan garmaho. Na gwada su duka na mako guda, daga nan na danna Direct Source na kashe su. Abin da aka zubar daga fayil ya riga ya tafi, hasashe kawai na'ura take yi, ni kuma na fi son in ji abin da aka ɗauka a ɗakin naɗi yadda yake.

Yanzu ga maganar da na fi son mai shirin saye ya ji. A jikin kwalin akwai tambarin Hi-Res, wato sautin da darajarsa ta fi ta faifan CD, kuma na shigo da yaƙinin cewa fayil mai bit 24, wanda ya fi bit 16 na CD zurfin bayani, zai buɗe mini wata sabuwar duniya. Sai ƙanena ya ce, "Yaya, bari mu gwada ba ka gani." Ya zauna a bayana da na'urar, ya shirya waƙa ɗaya a siga huɗu, yana kunna mini ba tare da na san wacce ce ba. Mun tabbatar ƙarfin muryar ɗaya ne, domin kunnen ɗan Adam yana da wata ɗabi'a: duk abin da ya ɗan fi ƙara, ko da kaɗan ne, sai ya ce shi ya fi daɗi. Gwaji da yawa da ake yi a tsaitsaye a nan suke rushewa.

MP3 mai kilobit 128 a daƙiƙa, wato wanda aka matse sosai, ban taɓa kuskure shi ba. Farantan ƙarfen da mai ganga ke kaɗawa sukan zama kamar ana watsa ruwa a kwano, tafin jama'a kuma ya dagule ya zama ƙarar soya. Da ya hau 320, sai na fara lalube, wani lokaci in dace wani lokaci in faɗi. Tsakanin FLAC (sigar fayil da ba ta zubar da komai daga sauti) mai darajar faifan CD da mai bit 24 kuwa, ban iya rabewa ba ko kaɗan, canka kawai nake yi. Lissafin ma ya goyi bayan haka. CD yana ɗaukar samfurin sauti sau 44,100 a daƙiƙa, wanda ya isa ya riƙe duk sautin da ya kai haz dubu 22 (haz ma'aunin sirantar sauti ne), alhali kunnen matashi lafiyayye a dubu 20 yake tsayawa, yana kuma raguwa da shekaru. Bit 16 na CD yana ba da tazarar desibel (ma'aunin ƙarar sauti) 96 tsakanin mafi shiru da mafi ƙara, tazarar da ta fi ƙarfin kowane ɗaki da nake zama a ciki. Bit 24 yana da amfani sosai ga masu naɗi da haɗa sauti, don yana ba su sarari su yi aiki. Ga mai sauraro, abin da ya fi tasiri shi ne hannun wanda ya kammala faifan. Ina da wani kundi a bugu biyu, tsohon da sabon da aka matse don ya yi ƙara, kuma tsohon mai darajar CD ya fi sabon mai bit 24 numfashi nesa ba kusa ba. Wannan bambancin na ji shi tun daƙiƙa biyar na farko.

Wani abin da ba a cika faɗa wa mutane ba: in da Bluetooth za ka saurara, duk kyawun da na lissafa a sama ba zai iso ka ba. A wannan hali na'urar aika fayil kawai take yi, DAC da amfilifayar da ke cikin hedifon ɗinka su ke aikin. Tana da LDAC, wani tsarin aika sauti ta Bluetooth, wanda ke kaiwa kilobit 990 a daƙiƙa, ya fi SBC na gama-gari da ba ya wuce wajen 328, amma ko shi bai kai 1,411 na CD ba. Da hedifon mara waya na kwatanta ta da wayata mai LDAC, ban ji wani bambanci ba.

Sai batun ƙarfi, inda ya kamata mutum ya san abin da yake saya. An yi ta ne don iyafis da ƙananan hedifon masu sauƙin turawa, rami ɗaya gare ta na milimita 3.5. Wanda ke da babban hedifon irin Sennheiser HD 600 mai om 300 ya nemi mai ƙarfi, kamar yayarta NW-ZX707 mai ramin milimita 4.4, ko manyan na'urorin FiiO da iBasso da Astell&Kern. Shi ramin 4.4 ɗin ba wani sihiri ba ne, yawanci ƙarin ƙarfi yake bayarwa, kuma iyafis mai saurin amsawa ba ya bukatarsa. Idan kuma kana tsakanin sayen na'ura da sayen iyafis mai kyau, fara da iyafis. Canjin da na ji ranar da na sauya iyafis ya ninka wanda na ji ranar da na sauya na'ura. Har robar bakinsa tana da magana: in ba ta toshe kunne da kyau ba, kaurin sautin duk sai ya zube.

Batir, kamfanin ya ce yana iya kai awa 36 da FLAC. Ni da nake kashe intanet ina ji daga katin memori, sau biyu nake caji a mako. Ma'ajiyarta gigabayit 32 ce, manhajar Android ta ci wani kaso, kundi ɗaya na FLAC kuma yakan kai megabayit 300, don haka katin microSD dole ne.

Akwai wata riba da ba ta cikin takardar bayanai. Babu kira, babu saƙon da zai faɗo tsakiyar baiti. Na koma jin kundi daga farko har ƙarshe a jerin da mai shi ya tsara, abin da na yi shekaru ban yi ba. Kuma da yake bayan sautin tsaf yake, ba na bukatar ɗaga murya don in ji ƙananan abubuwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba kada ya wuce awa 40 a mako a kan desibel 80, in an ƙara ƙarfi kuma lokacin yana raguwa da sauri. Ma'aunin muryar na'urar yana da mataki 120. Da iyafis ɗina ban cika kai rabi ba, na kuma bar AVLS mai taƙaita ƙara a kunne, saboda daren da waƙa za ta ɗebe ni hannuna ya kai kan maɓalli.