Yawon Cashel da Blarney a bas: labarin dattijon ne ya biya min kuɗina

Asabar ɗin da ta wuce na bi wani kamfanin yawon buɗe ido a ƙasar Ireland daga Dublin zuwa Cashel da tsohon gidan sarautar Blarney da ke kusa da Cork, tun da sassafe muka tashi sai dare muka dawo. Gaskiya abin da ya biya min kuɗina shi ne jagoran, wani dattijo da ya iya ba da labari kamar kaka tana wa jikoki tatsuniya.

A Cashel muka fara tsayawa, wani ƙaton dutse ne a tsakiyar fili da tsofaffin gine-gine a kansa, ga wata doguwar hasumiya mai zagaye wajen mita 28, tun kusan 1100 take tsaye. Ya ce wai Shaiɗan ne ya gatsi wani tsauni can arewa ya zo ya tofar a nan, shi ya sa har yau ake ce wa tsaunin Devil's Bit, wato gatsar Shaiɗan, kuma da gaske akwai giɓi a samansa.

Amma na Blarney ya fi kama ni. Cormac MacCarthy ne ya gina gidan a 1446, kuma wai yana da shari'a a gabansa hankalinsa a tashe, sai ya roƙi Clíodhna, wadda suke ɗauka sarauniyar aljanu ce a yankin, ta ce ya sumbaci dutsen farko da ya gani da safe, ya yi, ya je kotu bakinsa ya buɗe ya ci shari'ar, shi ne ya sa dutsen can saman ginin. Har yanzu mutane na hawa matakala sama da 100, matsattsiya ga santsi, su kwanta rigingine su kama ƙarfe wani ya riƙe su, kai a ƙasa, su sumbace shi don su samu fasahar magana. Ni dai ban sumbata ba, amma na hau, kuma wallahi ganin korayen filayen nan daga sama kaɗai ya isa.

Inda kamfanin ya ɓata min rai shi ne lokaci. Awa biyu kacal suka ba mu a Blarney, layi ya cinye fiye da rabi, wata matakalar mayya da dattijon ya yi ta kwaɗaita mana, wadda ake bi da baya ido a rufe ana tunanin buri a zuci, ko leƙa ta ban yi ba direba ya fara kira. Zan koma, amma jirgin ƙasa zan hau zuwa Cork in yi wuni guda a can.