SSD a zafin Makka da Madina: wanne za ka saya?

Ɗalibai a Jami'ar Musulunci ta Madina da 'yan uwanmu masu shaguna a Makka da Jidda da yawa na son cire tsohon faifai mai juyawa daga kwamfutarsu su sa SSD, wato ma'ajiyar bayanai mai sauri wadda ba ta juyawa, kuma lambar gudun da ke jikin kwali ce ke fara jan idonsu. A ganina ita ce ta ƙarshe da ya kamata ka duba.

Fara sanin ramin da kwamfutarka ke da shi. Tsofaffi na karɓar SATA mai inci 2.5, wanda gudunsa bai wuce megabait 550 a daƙiƙa ba. Sababbi na da ramin M.2, inda ake soka NVMe, ɗan siriri mai tsawon milimita 80, mai kaiwa 3,500 ko ma 7,000. Amma wani ramin M.2 ɗin SATA kawai yake karɓa, don haka ka tabbatar kafin ka fitar da riyal. In aikinka rubutun risala ne da karatun littattafai, da wuya ka ji bambancin biyun.

Inda kuɗinka zai yi aiki shi ne ƙwari. A nau'in ƙwayoyin ajiyar da ke cikin SSD akwai TLC, akwai QLC mai araha wanda ke cusa bayanai da yawa a kowane gurbi, shi ya sa ya fi saurin gajiya. Duba lambar TBW, wato yawan abin da za a iya rubutawa a kansa cikin garanti. Samsung 870 EVO mai terabait 1 yana da TBW terabait 600 da garantin shekara 5, 870 QVO kuwa 360 da shekara 3. Mai tace bidiyon Umara kullum ya ɗauki TLC. Mai ajiye karatuttukan malamai yana saurare, QLC ya ishe shi.

Sai zafi, wanda mu a nan ba ma raina shi. Yawancin SSD an yi su ne su yi aiki ƙasa da digiri 70, kuma NVMe in ya ɗau zafi sosai da kansa yake rage gudu. Kar ka bar kwamfuta cikin mota da azahar, kar ka ɗora ta kan katifa fankarta ta toshe. SSD ɗin da aka jefa a akwati ba wuta tsawon lokaci yana iya zubar da abin da ke ciki, zafi kuma na gaggauta hakan. Hotunan iyali da takardun iƙama su samu kwafi a wani wuri.

Na hannu fa? Ka ce wa mai sayarwa, "Malam, a jona mu gani." Manhajar CrystalDiskInfo za ta nuna sa'o'in da ya yi yana aiki da kason lafiyar da ta rage masa. In ya ƙi, ka wuce.

Bayan ka sa shi, kar ka cika shi maƙil, bar kamar kashi 20 cikin ɗari. Ka bar TRIM, tsarin da ke taimaka wa SSD share gurbin abin da ka goge, a kunne, Windows na gudanar da shi da kanta. Saboda haka in kana tsakanin gigabait 512 mai shegen gudu da terabait 1 mai matsakaicin gudu, ɗauki babban.