Takalmin rawa mai tafin suwed, bayan wata guda ina yawo da shi a jaka cikin sanyin Boston

Tun watan Disamba wata ƙawata take bina da maganar in sayi takalmin rawa na gaske in daina zuwa da kambas ɗina, ni kuma ina ta ja mata rai don a ganina takalmi ai takalmi ne, sai da gwiwata ta dama ta fara yi min wani irin ciwo duk ranar da muka dawo daga rawa sannan na yarda na yi oda ta intanet. Bai kai dala 100 ba har da kuɗin kawowa. Ba zan kama sunan kamfanin ba saboda akwai ƙorafin da zan yi a kansu, kuma dai irinsa kamfanoni da yawa suna yi, abun da nake so ku gane shi ne irin takalmin, baƙi ne, na ɗauri da igiya, dunduniyarsa gajeriya wajen inci ɗaya, ƙasansa kuma ba roba ba ce, suwed ne, wato fatar nan da ake kankare bayanta ta yi laushi da ɗan gashi-gashi.

Na sa shi daga tsakiyar Janairu zuwa tsakiyar Fabrairu, kuma duk wanda yake zaune a wannan yankin na Boston a Amurka yana son ƙagaggun labaran kimiyya ya san wannan watan ba a zama. Arisia, taron masoya irin waɗannan labaran, tana zuwa a ƙarshen makon hutun Martin Luther King, kwana 4 daga Juma'a zuwa Litinin, Boskone, wani taron irinta, kuma ta biyo baya a Fabrairu, a tsakaninsu ga rawar kontira duk mako, ga gidajen tarihi da mutum yake gudu ya shiga saboda rana tana faɗuwa tun wajen ƙarfe 4 da rabi na yamma, in ka zauna a gida sai duhu da kaɗaici su taru su danne ka. To takalmin ya sha aiki, shi ya sa nake ganin ina da bakin magana a kansa.

Ranar da ya iso na ɗan ji haushi, don saiz ɗin da na saba sawa na zaɓa amma da na zura ƙafa sai na ji ya kama ni ta gefen ƙaramin yatsa. Na kira ƙawar tawa na ce mayarwa zan yi, ta ce "ke dai ki bar shi, fata ce za ta saki, sa safa mai kauri ki yi ta zagaye da shi a ɗaki." Haka na yi kwana 3 ina girki da shi ina wanke-wanke da shi, kuma gaskiyarta ne ya saki, amma duk da haka ina ba mai faɗin ƙafa shawara ya ƙara rabin saiz, don ƙafa tana kumbura bayan awa biyu ana juyi, abun da ya yi maka daidai da safe da dare sai ya zama matsi.

Wurin da na fara gwada shi a gaban mutane Arisia ne. Ga wanda bai sani ba taro ne na masoya labaran kimiyya da na almara, tun 1990 ake yinsa, kuma masu sha'awar ne da kansu suke shirya komai a matsayin 'yan sa kai, ba wani kamfani ba. Da rana ana zaman tattaunawa ɗaki-ɗaki, ga ɗakin 'yan kasuwa cike da littattafai da 'yan kunne da zane-zane, ga gasar shiga inda mutum zai yi wata da watanni yana ɗinka kayan wani jarumi ko wata halitta don kawai ya hau dandamali na ɗan lokaci, da dare kuma sai rawa. Abun da ya fi burge ni da na ji shi ne wai sunayen tarukan biyu, Arisia da Boskone, daga labaran Lensman na E. E. Smith aka ɗauko su, a cikin labarin abokan gaba ne, Arisia ɓangaren kirki Boskone ɓangaren mugunta, amma a zahiri fuskokin da ka gani a wannan da yawansu za ka sake ganinsu a wancan bayan wata guda. Boskone ta girme ta nesa ba kusa ba, tun 1941 aka fara amfani da sunan, kuma ta fi karkata ga littafi da marubuta, Arisia ta fi hayaniya da kwalliya da kiɗa, ni dai kowacce da ranarta a wurina.

A irin waɗannan taruka a otal ake yi, filin rawar katako ne da ake harhaɗawa falle-falle a kan kafet, to a nan na fara ganin bambanci. Da kambas in na zo juyawa robar sai ta cije ƙasa, jikina ya juya ƙafar ta tsaya, duk wannan murɗawar a gwiwa take sauka, ashe ciwon da nake ji kenan. Da suwed kuwa ƙafar tana bin jiki, tana zamewa daidai gwargwado, ba santsin da zai kayar da kai ba, ba kuma cizon da zai riƙe ka ba, wani abu ne a tsakani da sai ka taka za ka gane. Wallahi juyin farko da na yi sai da na yi dariya ni kaɗai don daɗi, kamar an sauke min wani kaya da ban san ina ɗauke da shi ba. Na yi wajen awa 3 a filin a daren Asabar, na koma ɗaki ina jiran gwiwa ta fara, shiru, da safe ma shiru.

Amma inda takalmin ya nuna kansa sosai a rawar kontira ne. Rawa ce ta wannan yankin na New England, asalinta daga raye-rayen ƙauyukan Ingila na ƙarni na 17, ana tsayawa layi biyu dogaye ana fuskantar juna, ga makaɗa a gaba da goge da fiyano, ga mai kira riƙe da makirfo yana faɗin abun da za a yi kafin a yi shi, shi ya sa ko yau ka fara zuwa za ka iya shiga. Kowane zagaye bugu 64 ne, wajen rabin minti, yana ƙarewa ku matsa gaba ku haɗu da wasu mutum biyu a sake daga farko, haka har ku kai ƙarshen layi ku juyo. A cikin kowane zagaye kusan sai an yi abun da suke kira suwin, mutum biyu su riƙe juna su yi ta juyawa da sauri, ƙafar dama a tsakiya nauyi a kan gaban tafinta, ta hagu tana tura ka kamar mai tura keken yara. To ku lissafa sau nawa gaban tafin nan zai murza katako a dare ɗaya. Wannan aikin aka yi suwed dominsa, kuma na lura tun da na fara sa shi na daina jan wadda nake rawa da ita ƙasa, don da can rashin zamewar ne yake sa ni jingina a kanta ba tare da na sani ba. Wata dattijuwa mai farin gashi da muke haɗuwa a layi kusan duk mako ta kalli ƙafata ta ɗaga min babban yatsa, ba ta ce komai ba, ni kuwa har gida ina jin daɗin abun.

Yanzu ga abun da dole ku sani kafin ku saya, takalmin nan ba ya taka waje, ko taku ɗaya. A hunturu titunan Boston gishiri ake zuba musu da yashi don ƙanƙara ta narke, gefen hanya duk caɓi ne mai ruwan toka, shi ya sa ma zaurukan rawa suke roƙon mutane su zo da takalmi daban mai tsabta, don yashin nan yana karce musu katako. Kenan kullum da but ɗin sanyi zaka fito, na rawa yana jaka, in ka isa ka zauna a benci ka canja. Da farko abun ya dame ni, ga kwat ga hula ga safar hannu ga jaka, ka shiga jirgin ƙasa na Green Line a cike kana rungume da kaya, amma takalmin ba shi da nauyi ko kaɗan kuma yana lanƙwasuwa, ya zo da 'yar jakar yadi, daga baya har mantawa nake yana ciki.

Ranar da na yi kuskure ita ce ranar da muka je gidan tarihin Isabella Stewart Gardner. Wannan wurin in kun zo garin nan da sanyi dan Allah ku je, a waje komai ya bushe ya yi fari, kana shiga sai ga tsakar gida a rufe da gilashi cike da furanni da korayen ganye kamar ba Janairu ba. A sama akwai ɗakin da aka bar firam-firam a rataye babu komai a ciki, tun satar da aka yi a watan Maris na 1990, wasu mutum biyu suka shigo da kayan 'yan sanda suka kwashe abubuwa 13 har da zanen Vermeer da na Rembrandt, har yau ba a gano su ba. Na daɗe a tsaye gaban firam ɗin nan ina kallon bangon da ke bayansa, jikina ya yi sanyi, har muka makara. Daga can muka wuce wurin rawa a guje, an riga an fara, na canja takalmi a bakin ƙofa cikin sauri ban duba ƙasa ba, ashe dusar ƙanƙarar da mutane suka shigo da ita a but ta narke ta kwanta a wurin, na taka da ƙafar dama. Shi kenan, suwed ya sha ruwa, na shiga layi ƙafa ɗaya tana zamewa ɗaya tana mannewa, dole na fita na zauna rawa biyu suka wuce ni ina goga shi da tishu. Da ya bushe kuma sai wurin ya taurare ya yi sheƙi kamar leda, santsi ya yi yawa.

Maganinsa burushi ne na waya, ƙarami mai gajerun haƙora da ake sayarwa musamman don wannan, ka riƙe takalmin ka kankare tafin har gashin ya sake tashi, dattin da ya daskare ya zube kamar gari. Minti biyu ya isa. Abun da ya ba ni haushi shi ne kamfanin bai sa burushin a kwali ba, bai kuma rubuta ko layi ɗaya cewa ana buƙatarsa ba, a wurin rawa wani bawan Allah ya ara min nasa ya nuna min yadda ake yi. Mutumin da bai taɓa sayen irin wannan takalmin ba ta ina zai sani? Sai ya ɗauka takalmin ne ya lalace ya jefar.

Ƙorafi na biyu shimfiɗar ciki ce, siririya ce sosai, a kan katakon zaure mai ɗan motsi ba ka ji, amma inda aka shimfiɗa katako a kan siminti bayan awa ɗaya tafin ƙafa sai ya fara zafi kamar ka taka garwashi. Na sayi wani soso siriri na sa a gaba, ya taimaka amma ya ƙara matsi, kun ga dalilin da na ce a ƙara rabin saiz. Na uku kuma a mako na uku suwed ɗin ya fara ɗagowa ta bakin yatsan dama, gam ɗin ya saki kamar faɗin farce. Na tura musu saƙo da hoto, sai bayan kwana 6 suka amsa, amsar ma wai in aiko da shi su duba, ni kuma Boskone saura kwana kaɗan, ina zan iya rabuwa da shi. Na sayi gam ɗin takalmi na shafa na danne da maƙalin shanya ya kwana, har yanzu bai sake ɗagowa ba, amma takalmin da bai yi wata ba bai kamata a ce ni nake gyaransa ba.

A Boskone ban yi rawa da yawa ba, yawanci zama na yi ina sauraron marubuta ina sayen littattafan da jakata ba za ta ɗauka ba, amma na yini da shi a ƙafa a cikin otal don a kan kafet kamar silifas yake, ba ƙara ba nauyi. Daren kiɗa a Symphony Hall kuwa but ɗina na sa, wannan ba wurinsa ba ne.

In duk mako kake rawa, ko kontira ko rawar suwin ko wals, ka saya, kar ka jira gwiwa ta yi maka magana kamar yadda tawa ta yi, ka haɗa da burushi a oda ɗaya. In sau ɗaya ne a shekara a wurin taro, duk wani takalmi mai tafin fata mai tsabta zai fitar da kai. Ni zan sake sayen irinsa amma a wani kamfanin, kuma a shago inda zan gwada da safar da nake rawa da ita. Wannan ɗin dai yana rataye a jikin ƙofa cikin jakarsa, na kankare shi jiya da dare, Alhamis akwai rawa.