Sai Da Na Kife Lotus 79 Na Gane Sirrinta

Mako uku na yi ina harhaɗa 'yar motar tsere ta roba, samfurin Lotus 79, wadda girmanta kashi ɗaya ne cikin 20 na ainihin motar. Baƙin fentinta da ratsin ruwan zinare ne suka sa na saya, amma abin da ya kama zuciyata yana ƙarƙashi.

Ranar da na zo haɗa ɓangarorin gefe, na kife ɗaya a tafin hannuna, sai na ga ashe ƙasansa ba a shimfiɗe yake ba. Lanƙwasa gare shi irin ta fiffiken jirgin sama da aka juya, ya matse daga gaba ya buɗe ta baya. Na daɗe ina bin wurin da yatsa. Iska in ta shiga matsatsin nan sai ta ƙara gudu, matsinta ya ragu, mota ta lafe da kwalta, ta sha kwana da gudun da a da sai ya watsar da ita. Su Peter Wright, injiniyoyin kamfanin Lotus, ne suka gano dabarar a ramin gwajin iska na Imperial College da ke Landan, Colin Chapman, mai kamfanin, ya rungume ta, direba Mario Andretti ya ɗauki kambun duniya na tseren motoci na Formula 1 da ita a 1978. Kafin nan sama kowa yake kallo: fukafukai kan dogayen sanduna, har suka karye wa direbobi Graham Hill da Jochen Rindt a Basalona a 1969, aka hana irin waɗannan fukafukan.

Inda raina bai so ba shi ne siket ɗin gefe, wato siririn fallen da ke toshe tsakanin gefen mota da kwalta. A motar gaskiya yana hawa yana sauka, yana gogar kwalta don kada iskar waje ta kutsa ta ɓata aikin. Nan kuwa a ƙafe aka yi shi, takardar umarni ma ba ta ce uffan kan amfaninsa ba. Ratsin zinaren kuma siriri ne ainun, biyu suka yage mini.

Duk da haka ban yi da-na-sani ba. Dokar 1983 ta tilasta shimfiɗaɗɗen ƙasan mota, sai a 2022 lanƙwasassun ramukan iska na ƙasan mota suka dawo, yanzu kuwa na san abin da nake kallo. A kan madubi na ajiye ta, don ƙasanta ya riƙa fitowa.