Ɗaukar keke a tsohuwar ƙaramar mota: wace kariya za ka saya?

Motar da nake magana a kai Renault 4 ce, wadda muke kira katirel, gadon mahaifina. Kamfanin ya fara ƙera irinta a 1961, kuma an yi sama da miliyan 8 kafin a daina, shi ya sa har yau ba ka rasa ɗaya a gareji tana jiran mai tada ta. Tawa mai inji cc 1108 ce, ƙarfin doki 34. Ka riƙe wannan adadin, don shi ne zai yanke rabin shawarar. Duk hutun makaranta nakan kai keken ɗana ƙauyenmu ta wajen Madarunfa, kuma a wannan zirga-zirga na gwada kusan duk wata dabara.

Mafi araha ita ce ka cire ƙafar keken ta gaba, ka kwantar da kujerar motar ta baya, ka tura keken ciki. Yana shiga, amma fa kai kaɗai da mutum ɗaya za ku tafi, kuma baƙin man kaca sai ya bar maka shaida a kujera. Kariya, wato ƙarfen ɗora kaya, mai hawa ƙwallon jan tirela kuwa tana da kyau a motar da ta zo da shi, sai dai ban yarda a huda shasin da ya haura shekara talatin saboda keke ba. Akwai wata ta zamani mai manne wa rufi da roba kamar ƙahon wanzami. Wanda ya ƙirƙiro ta bai san ƙurar hunturun Maraɗi ba.

Saura biyu ke nan: mai rataye a ƙofar baya da madauri, da kariyar sama, wadda masu gareji ke ce wa galeri.

Ni ta sama nake so, kuma ba na ɓoyewa. Tsofaffin motoci suna da abin da na yanzu suka rasa, wato leɓen ƙarfen nan da ya zagaye rufi don ruwan sama ya bi. A nan aka naɗe ƙarfen rufi da na gefe wuri guda, don haka ya fi ko'ina a saman motar ƙarfi. Kariya ta gari a kansa take tsayawa, ƙafa huɗu ko shida, kowace da maƙale da noti. Nemi mai ƙafa mai faɗi, kamar yatsu huɗu, don nauyi ya bazu. Mai siririyar ƙafa tana cin leɓen kamar wuƙa. Kafin ka biya, duba naka leɓen tukuna: in fenti ya yi ƙuraje, tsatsa ce a ƙasa. Ɗora maganaɗisu ka bi da shi a hankali, duk inda ya ƙi kamawa to an cike wurin da ƙullun masu fenti, kada ka dasa ƙafa a nan.

Kuma kada ka tsayar da keken kamar yadda kake gani a hotunan Turai. Doki 34 ba ya kokawa da iska. Na taɓa tsayar da shi a hanyar Tasawa, iskar gabas tana bugu, sai da na koma giya ta uku a shimfiɗaɗɗen titi. Kwantar da shi. Shimfiɗa tsohuwar tabarma ko buhu, gefen kaca ya kalli sama, ka cire fedar hagu da sifana mai lamba 15 don kada ta huda rufi. A tuna fedar hagu a juye take kwancewa, yara da yawa sun lalata zarenta a kan wannan. Tsohon keken ƙarfe irin su Phoenix ya kusa kilo 20, ɗaga shi sama aikin mutum biyu ne, wannan kam aibi ne kuma na amsa shi.

Mai motar Citroën 2CV ba shi da wannan zaɓin yadda nake faɗa, rufinsa tamfol ne. Mai Volkswagen ƙwaro kuma dole ma ya hau sama, don injinsa a baya yake, iska ke sanyaya shi, ba a toshe masa numfashi da kaya a zafin watan Afrilu.

Ta baya fa? Ita ce ta ƙona ni. Tana rufe lambar mota da fitilu, jandarma kuwa ba ya buƙatar dalilin da ya wuce wannan. Amma ba nan gizo ke saƙar ba. Na sayi tawa a hannun wani mai kayan gwanjo, da tambarin wani babban kamfanin Turai a jiki. Ya ce, “Alhaji, ƴar Kwatano ce, aluminiyam zalla, ko babur ka ɗora.” Tafiya ta uku, mun wuce gari kaɗan, na ji ƙara ɗas, na duba madubi sai ga keken yana jan ƙasa da madauri ɗaya. Sirdi ya tafi, ƙafar baya ta zama kamar faifai, leɓen ƙofata ya lanƙwashe inda ƙugiya ta ja shi. Da na kai wa tsohon bakanikenmu, bai ce komai ba, ya ɗauko maganaɗisun tsohuwar lasifika ya manna. Ya kama tsam. Ya ce, “Ɗana, bututun gado ne aka shafa wa fenti.”

To ga yadda ake gane jabu, ko ta sama ce ko ta baya. Aluminiyam ba ya kama maganaɗisu, wannan gwajin minti ɗaya ne. Tambarin gaske a jikin ƙarfe ko roba yake, wanda farce ke ɓantarewa liƙi ne. Juya ta ka dubi walda: in ta yi tsiri-tsiri kamar kashin kaji, ajiye. Ɗaura noti ka kwance sau uku a gaban mai kaya, na banza tun a nan zarensa ke mutuwa. Wasu ma sukan haɗa sandunan asali da maƙalai na jabu, su sayar a farashin asali, alhali maƙalan ne ke riƙe da komai. Madauri kuwa, lanƙwasa shi ka karta da farce. In ya yi gari ko ya yi fari-fari, rana ta riga ta cinye shi tun a rumfa. Mai ƙugiyar roba kada ma ka taya. In mai kaya ya hana ka gwadawa a jikin motarka, yi masa sallama.

Wadda nake amfani da ita yanzu wani mai walda ne ya ƙera mini a nan gari, a kan motar ya auna, ƙafa shida, an sa guntun tsohon tib ƙarƙashin kowace. Ta fi ta kanti nauyi, tana kuma kuka da iska. Ina ɗaure keke da madauri biyu masu bakin ƙarfe, in ƙara igiya ɗaya ko da ɗayan zai ci amana, sannan in tsaya bayan kilomita biyar in sake jan notocin, don titin ƙasa yana sassauta su.